Mussata a Hannun Baba

Mu a ƙasar Sakkwato mussa muke ce wa kyanwa. Tawa na tsince ta ne a bayan ɗakin ajiyar magani na ƙaramin asibitin da nake aiki a Boɗinga, tana 'yar mitsitsiya, idonta bai gama buɗewa ba. Da sirinji na riƙa ɗura mata madara har ta iya lasa da kanta. Fara ce mai dabbaren toka a baya, kunnenta na hagu a tsage tun ran da na gan ta. Tare da 'ya'yana ta girma. Su suka tafi makarantar kwana, maigidana kuma aikinsa a Sakkwato yake, sai ƙarshen mako yake zuwa, sai ya zamana in na dawo aiki ita kaɗai ce ke tarbata a bakin ƙofa. Kafin in cire takalmi ta gama goga jikinta a ƙafafuna.

Ta haura shekara goma lokacin da na lura ta koma zaman bakin randa. Ta sha ruwa, ta je ta yi fitsari, ta dawo ta ƙara sha. Gashinta ya dushe, ƙashin bayanta ya fito, in ta ci abu kaɗan sai ta amayar. Na ga irin wannan a jikin mutane, don haka ban tsaya jira ba. Na sa ta a kwando mai murfi na shiga motar Sakkwato. Wata mata a kusa da ni ta tambaya ko kaza ce zan kai wa dangi, da na ce mussa ce zan kai asibiti sai direba ya yi ta dariya har muka wuce rabin hanya.

Likitar dabbobin mace ce, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta ɗibi jini, ta sa na jira, da sakamako ya fito ta zaunar da ni.

"Hajiya, ƙodarta ce ta gaji. Ba zan ce miki za ta warke ba. Amma ba yau za ta mutu ba, ba kuma gobe ba, in an kula da ita."

Ta ce ruwa mai tsabta kada ya yanke a gabanta. Abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ban da gishiri, ban da busasshen kifi da ƙashi, ban da duk abin da albasa ta taɓa. A kiyaye ta daga zafin rana. Lokaci-lokaci kuma a yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fatar wuya, wanda ta ce tunda aikina ne zan iya yi da kaina.

Komai zan iya ban da zama. A lokacin ni ke fita rigakafi ƙauyukan wajen Dingyadi, in na fita da safe sai bayan la'asar, gida a kulle, ɗaki kamar tanda. Na yi tunanin maƙwabta, na yi tunanin dangi, daga ƙarshe ban ga wanda ke yini a gida ba sai mahaifina a Shagari.

Baba tsohon malamin makaranta ne, Hausa da Larabci ya koyar har ya yi ritaya. Tun rasuwar mahaifiyarmu ƙanwarsa, Gwaggo, ita ke riƙe da gidan. Ni ce 'yar farinsa, kuma shi mutumin da ne, mai tsananin kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. In na gaishe shi ya amsa yana duban gefe, in yana da magana da ni sai ya faɗa wa wanda ke kusa ya faɗa mini, ko da ina tsugune a gabansa. Abin da ya fi so a duniya shi ne bin salsalar kalmomi. Muna yara, in an gama cin tuwo, sai ya tara ƙannena maza yana gaya musu cewa raƙumi da takobi daga bakin Buzaye muka same su, ashana da akwati kuma daga Yarabawa. Ni ina bayan zana ina wanke kwanoni a hankali don kada ƙararsu ta hana ni ji. Sau ɗaya na taɓa jefa tambaya daga inda nake. Ya amsa, amma ƙanena ya kalla ya ba amsar.

Ran da na kai mussar na same shi a kan buzunsa a gindin darbejiya. Na gaishe shi, na ajiye kwando. Ya dubi Gwaggo.

"Mi ta kawo muna?"

"Mussatta ta, Malam. Wai ciwon ƙoda gare ta, tana son a riƙa duba ta."

"Ni da nit tsuhwa ga alli da allo, yau ni za a ba jinyar mussa?"

Na buɗe murfin. Ta fito tana tangaɗi, ta shinshina bakin buzun, ta kwanta a kan gefen rigarsa kamar wadda aka nuna wa wurin. Bai kore ta ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Gwaggo ta ce mini in faɗi abin da likita ta ce. Na faɗa. Ya ce a ce in sake. Na sake. Ya maimaita da bakinsa tun daga farko har ƙarshe bai tsallake ko ɗaya ba, ya ce, "To, a bar ta."

Na koma Boɗinga ina kuka a mota, ina tausayin yadda za ta yi kewata.

Bayan 'yan makonni na dawo da kayan ƙarin ruwa a jaka. Tun daga zaure na ga canji. Ga ƙaramin kasko cike da ruwa a bayan ƙofa, ga wani a gindin darbejiya, ga wani a bakin ɗakin Baba, duk sababbi, ya sa an kawo masa daga kasuwa don ya ce ruwan roba ɗumi yake yi. Albasar da ƙanena ke shanyawa a tsakar gida in ya kwaso daga fadama babu ita, an kwashe an kai wani ɗaki an rufe. Gwaggo ta tare ni tana riƙe da haɓa.

"Ɗiyata, kin kawo muna sarauniya. Tukunyatta daban, ludayinta daban. Kaza anka dahwa mata jiya da shinkahwa, babu gishiri, shi da kainai yad ɗanɗana."

Na leƙa tsakar gida. Tana zaune a cinyarsa. Gashinta ya fara kwantawa, idonta ya washe. Shi kuma yana magana, muryar nan ta bayan tuwo wadda rabona da ita tun ina budurwa.

"Albasa ba tamu ba ta," yake ce mata. "Larabawa ka cewa al-basal, mu munka murɗe ta. Baƙuwa ta. Ke ko an ce ba ki cin abincin baƙi."

Na kira ta da irin kiran da na saba, na tsotsi leɓe. Ta ɗaga kunnen nan tsagagge, ta dube ni, ta mayar da kai cikin hannun rigarsa.

Na ce a raina ciwo ne, bari ta warware. Ashe ba a fara ba. Ƙarin ruwan nan sai an tsira allura a fatar wuya an jira ruwa ya shiga, kuma ba wanda ya iya sai ni. Baba ya riƙe ta, ni na soka. Ta yi ƙara, ta kafa masa farce a hannu, bai ko motsa ba.

"Yi haƙuri," yake ce mata. "Allura ma ta Larabawa ta, al-ibra. Ba wagga taƙ ƙago ta ba. Yi haƙuri, yanzu za ta tahi."

Yanzu za ta tafi. Da wannan aka lallashe ta, kuma ta lallasu. Daga ranar na zama mai allura. In ta ji sallamata a zaure sai ta zura ƙarƙashin gadon Baba, sai shi ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya yi ta roƙonta ta fito. Ni da na ɗura mata madara da sirinji, ni ce yanzu abin gudu.

Na rasa wa nake jin haushi. In na kalle shi sai in ji ya ƙwace mini dabbata. In na kalle ta sai in ji ta samu abin da na girma ina leƙe ta bayan zana. Yana kiranta mussata, yana kiranta tsohuwa, yana kiranta 'yar lele. Yana shafa kanta da hannun da ban tuna ya taɓa dafa nawa ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, tun ina yarinya ake gaya mini cewa ɗan fari a zuci ake son shi. Na sani sarai. Sai dai sanin bai hana in koma Boɗinga cike da haushi ba.

Maganar gishiri ce ta fi ci mini rai. Baba yana da hawan jini. Na yi shekaru ina aika Gwaggo ta ce masa ya rage gishiri da dunƙulen miya, yana cewa a ce mini kakanninsa da gishirin Bilma suka tsufa. Wata rana mussar ta faki ido ta lashi kwanon miyarsa, ta yini tana amai. Washegari ya kafa doka a rage gishiri a tukunyar gidan gaba ɗaya, kada a sake. Da na zo na ɗaura masa abin awo a hannu, jininsa ya sauka yadda ban taɓa gani ba. Na yi hamdala da gaske. Ina naɗe abin awon kuma takaici yana cina.

Gwaggo ta lura. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke, da mussa kika wannan kumburi? Ki ji kunya mana."

Na ce, "Gwaggo, ni ban ce komi ba."

"Huskarki ta ce."

Ita kuwa mussar sai ƙara kyau take. Ta yi ƙiba daidai gwargwado, ta koma hawa katanga, har ƙadangare take kora duk da ba a barinta ta ci. Wani maƙwabcin Baba ya taɓa zuwa ina nan, ya ce shi bai ga amfanin wahala a kan dabbar da aka ce ba ta warkewa ba. Baba ya ce masa lafiya daga al-afiya take, ita kuma tushenta ɗaya da afuwa a Larabci. Ya ce ba sai wanda babu cuta a jikinsa ne mai lafiya ba, wanda cuta ta yi wa afuwa yau shi ma ya samu. Ya nuna ta tana miƙa a inuwa ya ce, "Wagga lahiya lau take." Maganar ta shige ni, har na riƙa faɗa wa tsofaffi masu ciwon suga a wurin aiki. Amma ko a lokacin sai da na ji zafin cewa dalilinta aka yi maganar.

Da bazara ta kama na samu hutun aiki. Na je Shagari na ce wa Gwaggo ta ce wa Baba zan tafi da mussar ta yi hutun tare da ni, tunda ina da fanka mai aiki da hasken rana, nan kuwa zafi ya yi yawa. Dalilin gaskiya ne, kuma tawa ce. Baba ya ji, ya ce, "To." Ya tashi ya shiga ɗaki kafin in sa ta a kwando.

A gidana ta ƙi komai. Na dafa kazar yadda Gwaggo ke dafawa, ta shinshina ta juya baya. Na zuba ruwa a kwanonta na da, ta ƙi kallonsa. Ta shige bayan buhun gero ta lafe. Mai ciwon ƙoda in ya daina sha abin ba ya jira, na san wannan, don haka na jawo ta na yi mata ƙarin ruwa ni kaɗai, ta yage mini hannu ta koma inda ta fito. Na zauna a ƙasa ina lallashinta da duk sunan da na taɓa kiranta. Na kunna mata fankar. Ko kunne ba ta ɗaga ba.

Kwana biyu muna haka. Ina shirin kiran likita da hantsi sai na ji sallama a ƙofar gida, muryar da ban taɓa ji a wannan ƙofar ba. Na fita ba ko mayafi sosai. Baba ne tsaye, da sandarsa, da wani abu ƙunshe a tsumma a hammata. Motar haya ya shigo shi kaɗai.

Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa tako shi ba. Na haihu, Gwaggo ya aiko. Na kwanta aka yi mini aiki, ƙannena ya aiko da addu'a. Na rasa abin yi, na shimfiɗa masa tabarma a inuwa ina ta jero gaisuwa. Ya zauna, ya kwance tsumman. Kaskon gindin darbejiya ne. Ya miƙo shi gefe ba tare da ya dube ni ba, na cika shi da ruwan randa na ajiye. Ya yi gyaran murya sau ɗaya.

Sai ga ta ta fito daga bayan buhu, tana kuka siriri, ta nufe shi kai tsaye. Ta goga kai a gwiwarsa, ta sunkuya a kaskon ta yi ta sha kamar ba za ta daina ba.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, shekara nawa ina gidanga. Na haihu, na yi ciwo, ba ka taɓa zowa ba. Yau mussa ta kawo ka."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya bari ta gama sha ta hau cinyarsa. Sannan ya ce mata, a hankali:

"Kishi da ƙishi. Ɗalibaina sun sha rikita su ga rubutu, su mance ƙugiya. Iyakar sanina ba danginsu guda ba. Guda ruwa ka maganinai. Gudan ko, har nit tsuhwa ban san maganinai ba."

Dariya ta zo mini tare da hawaye, na tashi na shige kicin don kada ya ga ko ɗaya. Na ɗora masa abinci. Na zuba wa mussar kazar da ta ƙi ci jiya, na kawo, a gabansa ta cinye tas.

Ina daga bakin kicin ina jin su. Ya koma kan sunanta. Ya ce mu muna cewa mussa, namijin muzuru, ya kuma ji wasu Fulani na cewa musuru, bai san wa ya ara daga wa ba. Ya ce mutanen gabas na cewa kyanwa, suna cewa mage, ita mage ɗin ce ya rasa inda ta fito.

Na ce, daga inda nake tsaye, "Zabarmawan da ka kawo ɗiyansu awo wurinmu maaje suka cewa. Na ji wata ta ce muusu kuma."

Hannunsa ya tsaya a bayanta. Ya ce, "Ke mussa, tambayi uwarɗakinki, ja suka yi ko a taƙaice suka hwaɗi?"

Na ce ja suke yi. Ya ce ta ce mini in sake faɗi. Na sake. Ya gwada da bakinsa, na gyara masa, ya sake gwadawa. Ya tambayi daga wane gari matan suke, ko tsofaffi ne ko yara, ko suna jin Hausa. Duk ta hannun mussar, ita kuwa ta yi barci tuni. Ban taɓa doguwar magana da mahaifina irin ta ranar ba. Ya yi azahar a masallacin unguwa, ya dawo ya ci abincina, ya ce a ce mini gishirin ya yi daidai. Da rana ta yi sanyi ni da hannuna na sa ta a kwando, na raka su bakin titi. Ya shiga gaba ya ɗora kwandon a cinya. Motar ta tashi ba wanda ya waiwayo a cikinsu.

Tun daga nan na samu sabon aiki. In na je Shagari da allurata, bayan an gama kokawa an lallashe ta, sai ya ce mata ta tambaye ni ko na zo da wata kalma. Na koma kasa kunne a layin awo, ina tambayar matan Fulani da Buzaye yadda suke kiran ƙoda da hanta da tsakuwar ciki. In na kawo sai ya juya ta, ya auna ta, ya ce wannan aro ce, waccan kama ce kawai ta baki. Sannan ya sunkuya ya sake bayyana wa mussar komai daga farko, kamar ita ta je Dingyadi ta jiyo. Gwaggo ta ce har baƙi yake gaya wa cewa shi da tsohuwarsa, wato mussar, sun gano wani abu game da mage. Shi da tsohuwarsa. Na haɗiye.

A damanar da ta wuce muka kai ta awon jini Sakkwato mu biyu, don ya ce ba za a sake kai ta babu shi ba. Likitar da na sani an yi mata canjin wurin aiki, wani saurayi muka samu. Ya duba ta, ya yaba gashinta da nauyinta, ya ce ƙodar ba ta ƙara lalacewa sosai ba, duk abin da ake yi a ci gaba da yi. Sai ya dube ni ya dubi Baba ya ce, "Ta wa ce a cikinku?"

Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

"Tata ta," ya ce, ya nuna ni da haɓa. "Ni riƙo anka ba ni."

Likita ya miƙo mini ita. Na karɓa, na rungume ta, na ji ɗumin cikinta a hannuna. Ta yi haƙuri da ni har muka fito baranda. Nan ta murɗe, ta taka kafaɗata, ta faɗa jikin babbar rigarsa. Shi ya riƙe ta har tasha, ni na biyo su da kwando.